Wasa na Shida

Shekara ɗaya ce abin da na sa a gaba a waccan damina. Ba shekarata ba ce, ta wani yaro ce mai tsaron gida, amma a hannuna take muddin bai taka fili sau shida a kaka guda ba. Tun kafin ruwa ya sauka na riga na yi mata kuɗi a raina: za ta cika min shago na biyu da tayoyi har rufi, ta bar min abin da zan riƙe kulob kaka biyu ba tare da na taɓa jarina ba.

Sana'ata sayar da taya ce a Jimeta. Da faci na fara a bakin titi a Limawa, da famfo ɗaya da bahon ruwa, har Allah ya sa na kai ga shago. Kulob ɗin kuwa ban yi niyyarsa ba. Yaran unguwa ne suka zo roƙon rigunan wasa, na saya musu, suka dawo roƙon ƙwallo, daga nan sai na ga ina biyan kuɗin mota da na alƙalin wasa. Da na ga kuɗina na tafiya, sai na ce to bari in riƙe abin kamar yadda nake riƙe shago.

Mu masu ƙananan kulob na Yola da Jimeta da ƙauyukan kewaye muna da yarjejeniya a tsakaninmu, mun yi ta ne don mun gaji da rainon yara manyan kulob su zo su kwashe a banza. Yaron da ka raina a ƙaramin tim, in ka hau da shi babban tim, naka ne kaka uku. Bayan kaka biyu yana da ikon zuwa gaban kwamiti su yanke masa albashi, ko kana so ko ba ka so. Bayan ta uku ya zama ɗan kansa, ya tafi inda ya ga dama, kai kuma ko sisi ba ka da shi. Kaka kuwa ba ta shiga lissafi sai yaro ya buga wasa shida a cikinta. In biyar ya buga, kamar bai buga ba. Mai saye kuma abin da ya fara tambaya shi ne shekara nawa ta rage a kan yaro, don da ita ake yin farashi.

Yaron ɗan Vinikilang ne, can ƙetaren gada. Kocinmu ne ya gano shi, wani malamin motsa jiki daga kudancin Adamawa da ya yi shekaru yana koyarwa a Jimeta. Ya ce ya gan shi a gonar shinkafa yana korar tsuntsaye da dunƙulen ƙasa, yana jifa daga wannan kunya zuwa can nesa ba ya kuskure. Dogo ne, ga faɗin tafin hannu, ga shiru. In ya kama ƙwallo ya wurga da hannu ɗaya, sai ta wuce tsakiyar fili ta sauka a ƙafar wanda ya nufa. Ni ban iya ƙwallo ba, amma na san kaya mai kyau in na gani.

A farkon kakar koci ya same ni a shago ina duba tayoyin da aka sauke. Bai ko zauna ba.

"Alhaji, yaron nan ya fi ƙarfin ƙaramin tim. Jiya ya gaji da tsayuwa har ya jingina da ƙarfen raga."

"Ya huta. Lokacinsa na zuwa."

"Wane lokaci? Golanmu na babban tim gwiwarsa tana ƙara kamar ƙofar gidan kakata."

"In saura wasa biyar, ka hau da shi."

Ya dube ni, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ashe taya ce. Ka ɓoye a sito sai farashi ya tashi."

"Koci, albashinka na wata uku da suka wuce daga sito ya fito."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa biyan kuɗin mota zuwa Numan daga aljihunsa ba.

Golan namu na babban tim tela ne, iyayensa 'yan Borno ne da suka zauna a Jimeta tun yana goye. Ya tsare mana raga tun muna buga wasa da riguna kala-kala. Hamma yake ce min, kamar yadda ake ce wa yaya a nan. Ya san abin da ake ciki sarai. Wata rana bayan atisaye ya ce, "Hamma, zan riƙe maka ƙofa har ranar da ka ce, amma ka sani da igiya nake ɗaure da gwiwar nan." Ya riƙe kuwa, daidai gwargwado. Mun zubar da maki a wasannin da bai kamata ba, duk da haka muka kai tsakiyar damina muna na uku a teburi, alhali biyu na sama ne ke hayewa rukuni na gaba.

Mahaifiyar yaron ta zo sau ɗaya. Manomiya ce, tana dafa masara ta kawo Jimeta da rana. Ta sauke kwanonta a ƙofar shago, ta gaishe ni, ta ƙi kujerar da na ba ta.

"Alhaji, an ce yarona ya iya."

"Ya iya, Mama."

"To me ya sa ƙananan yara yake tsarewa? 'Yan cocinmu suna tambayata ko ya yi laifi ne."

Na yi mata bayanin dokar yadda take, ban rage komai ba. Ba na yi wa mutum ƙarya a ciniki, ko da gaskiyar ba za ta yi masa daɗi ba. Ta saurara har na gama.

"Wato in ya buga shida, shekarar tasa ce. In ya buga biyar, taka ce."

"Haka ne. Amma ni na ciyar da shi, ni na saya masa takalmi, ni na biya kuɗin jarrabawarsa."

"Ban ce ba ka yi ba," in ji ta. Ta ɗora kwanonta a ka, ta zaro masara biyu ta ajiye min a kan taya, ta tafi. Har yau ban san ko kyauta ce ko magana ce ba.

Da ya rage wasa biyar na ce wa koci ya hau da shi. Wasan farko ba a ci mu ba. Na biyu ma haka, har ya wurga ƙwallon da ɗan gabanmu ya karɓa ya ci. Mutanen da ba su taɓa zuwa kallonmu ba suka fara zuwa. Wani baƙo mai baƙin tabarau ya tsaya bayan raga yana ɗaukar hotonsa da waya, bayan an tashi ya zo ya tambaye ni shekara nawa ta rage a kansa. Na ce uku cif, ba a ko fara ƙirga ba. Ya yi fito ya karɓi lambata.

Na yi lissafi da koci, da uwar yaro, da gwiwar tela. Abin da ban sa a ciki ba shi ne wasanni biyar na ƙarshe a watan da ruwa ya fi sauka suke faɗowa.

Wasa na uku a filinmu aka yi. Ba a daɗe da farawa ba hadari ya taso daga wajen kogi, kafin a je hutun rabin lokaci fili ya zama tafki, ƙwallo tana tsayawa inda ta faɗi. Alƙalin wasa ya busa ya tashi wasan. Al'adarmu ita ce, wasan da ruwa ya tayar kafin hutu, sabo ake sakewa daga farko. Aka sake bayan kwana biyu, yaron ya tsare raga, muka ci. Ina kan hanyar komawa shago, ina jin daɗi, sai wani tunani ya faɗo min. Na juya mota na nufi Yola.

Sakataren kwamitinmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Adarawo. Na same shi a ƙofar gida yana ba awakinsa harawa.

"Bappa, wasan da ruwa ya tayar, ai ba ya cikin lissafi ko?"

"A maki ba ya ciki. A taka fili yana ciki."

"Yaya za a yi wasan da ba a gama ba ya zama wasa?"

"An busa usur? An busa. An biya alƙali? An biya, kai ma ka ba da rabonka." Ya kaɗe hannunsa. "Shekarun baya da aka dakatar da ɗan bayanka wasa ɗaya, ruwa ya tashi wasan, wa ya zo nan ya ce an riga an yi hukuncin, a bar shi ya buga na sake? Har goro ka kawo min."

Ni ne. Ban yi musu ba.

"Yaronka ya buga huɗu," in ji shi. "Saura ɗaya a hannunka. Ka zaɓa da kyau."

Wasa biyu suka rage. Na farko da waɗanda muke takara da su kan gurbi na biyu, na ƙarshe kuma da tim ɗin Vinikilang a filinsu, su kuwa suna can ƙasan teburi ba abin da suke nema. Wannan bai buƙaci dogon tunani ba. Na sa shi a wasan masu ƙarfi, ya hana su ƙwallo uku da kowa ya riga ya tashi tsaye, muka ci ɗaya da nema. Yanzu kunnen doki kawai muke buƙata a wasan ƙarshe mu haye. Shi kuma ya cika biyar.

Na kira shi shago na gaya masa da bakina. Ya tsaya hannayensa a baya.

"Baba, a garinmu ne fa. Mamata ta gaya wa kowa."

"Na sani. Kaka mai zuwa za ka buga duka, ba wanda zai cire ka."

"To in zauna a gida?"

"A benci za ka zauna. Zaman benci ba ya cikin lissafi."

Ya ce to. Na fi son a ce ya yi min rashin kunya.

Ranar wasan da la'asar muka haye gada, kogi ya cika har ya shanye gonakin bakinsa. Filin Vinikilang ba katanga, gonar masara ce a bayan raga ɗaya, itatuwan mangwaro a bayan ɗaya. Duk garin ya fito. Da suka ga tela ne ya sa safar hannu, ɗansu kuma yana benci, sai aka fara.

"Alhaji mai taya! Ka kawo mana shi ne mu kalli zamansa?"

"Oga, abeg, saki yaro!"

"A sito zai ruɓe!"

Ina zaune a kujerar roba a ƙarshen benci, ban juya ba. Mahaifiyarsa tana tsaye a bayanmu da kwanon masararta. Ba ta sayar wa kowa ba.

Mu muka fara ci. Bayan hutu suka rama da wata ƙwallo mai sauƙi da ta bi ta ƙasan tela, gwiwar ta ƙi lanƙwasa. Koci ya dube ni, na kau da kai. Kunnen doki ya ishe mu. Na riƙa kallon rana tana sauka kan mangwaro ina roƙon Allah ta yi sauri.

Ana dab da tashi ɗan gabansu ya kuɓuce wa 'yan bayanmu. Tela ya fito, ya makara, ya kwashe masa ƙafa, su biyu suka zube. Alƙali ya nuna fenariti. Ɗan gaban ya tashi, tela bai tashi ba. Da muka isa kansa kafaɗarsa ta goce, yana cije leɓe. Ya ce, "Hamma, ka yafe ni." Na ce ya yi shiru, aka ɗauke shi zuwa mota.

Yanzu ba gola a raga, ga ƙwallo an ajiye. Kaftin ɗinmu, ɗan baya ne, ya ɗauki safar tela a ƙasa yana jujjuyawa, yana kallona. Doka ta yarda ɗan wasan da ke fili ya shiga raga. In ya shiga, shekarata tana nan. Alƙali ya zo bakin layi ya ce, "Koci, wa zai tsaya? Ba zan kwana a nan ba."

Koci ya sunkuyo kusa da kunnena. "Alhaji, ƙwallo ɗaya ce."

"Shekara ɗaya ce."

"Kaftin bai taɓa tare fenariti ba ko a mafarki."

"Yaron ma ba lalle ya tare ba."

"Ba lalle ba. Amma ka dubi waɗannan." Ya nuna min 'yan wasanmu. Duk sun taru a bakin layi, laka har cinya, ba wanda ke kallon ƙwallo, ni suke kallo.

Mutane sukan ce tausayi ne ya kama ni a lokacin. Ba tausayi ba ne, lissafi na yi, da sauri kamar yadda nake yi in direba yana tsaye da injin a kunne. In aka ci mu, mun zauna a rukunin ƙasa, inda mai tabarau ba zai riƙa zuwa ba, shekara ukun da nake taƙama da su sai su zama kayan da ba mai tayawa. In kuma na hana, aka ci, yaran nan ba za su sake zubar min da gumi ba, kuma su ba a sayar da su a kasuwa in sayo wasu. In na sa shi, na yi asarar da na san girmanta. In na hana, ban san girman abin da zan rasa ba. A ciniki na fi tsoron asarar da ba ta da iyaka.

Na juya wajen yaron. Bai motsa daga benci ba, bai ko kalle ni ba, safarsa tana kan cinyarsa.

"Kai. Ka san abin da wannan yake nufi?"

"Na sani, Baba."

"To tashi."

Filin ya ɗauki ihu, har da waɗanda ƙwallon tasu ce. Na ji uwar ta sauke kwano a ƙasa. Ya shiga yana ɗaura safa, alƙali ya rubuta lambarsa, kuma a wannan lokacin shekarar ta bar hannuna, tun ba a buga komai ba.

Mai bugun abokinsa ne, tare suka yi firamare, tare suka kori tsuntsaye. Yaron ya tsaya a tsakiyar raga ya buɗe hannuwa. Wani daga cikin 'yan kallo ya yi ihu, "Ka ci shi, in ya so a sasanta a gida!" Aka yi dariya, sannan aka yi tsit. Ni ban tashi daga kujera ba.

Aka busa. Yaron ya faɗi hagu. Ƙwallo ta tafi dama, ta tashi, ta haye ƙarfen sama da kamu guda, ta faɗa gonar masara.

Yara suka shiga nema, kafin su fito da ita lokaci ya kusa cika. Kaftin ya buga ta daga gida, aka ɗan yi ta gwagwarmaya a tsakiya, alƙali ya tashi wasa. Mun haye. 'Yan wasa suka ɗaga yaron sama, alhali safarsa ba ta taɓa ƙwallo ba ko sau ɗaya.

A mota koci yana ta cewa tsayinsa ne ya tsorata mai bugu, da kaftin ne a raga da an ci. Na ce mai yiwuwa. Mai yiwuwa kuma ko akuya aka tsayar ƙwallon nan gonar masara za ta tafi. Na tambayi mai bugun da kansa bayan shekaru, da ya zo sayen tayar babur. Ya ce shi ma bai sani ba, ƙafarsa ce ta shiga ƙarƙashin ƙwallon. Ban yi masa ragi ba.

Ga yadda abin ya ƙare. Mai tabarau ya kira ni a satin, na gaya masa yanzu biyu suka rage, ba uku ba. Ya ce zai sake kira. Kaka ta gaba yaron ya buga duka, ya yi suna, ya kuma cika kaka biyu shekara guda kafin lokacin da na tsara. Ya je gaban kwamiti da mahaifiyarsa, ni ma na je. Na faɗi abin da na kashe a kansa, koci ya faɗi abin da ya tare, suka yanke masa albashin da ya fi na kowane mutum biyu a tim. Ban yi fushi ba, haƙƙinsa ne, ni ma da ni ne haka zan yi. Da mai tabarau ya dawo, saura shekara ɗaya a kan yaron, kuma ya san in ya jira zai same shi kyauta. Ya taya kashi ɗaya cikin uku na abin da na sa a raina. Na ja, ya ƙara kaɗan, na sallama.

A ɓangaren riba, mun haye, mun yi kaka biyu a sama kafin mu sauko, kuma a waɗannan kakanni ba ɗan wasan da ya bar ni, ban da yaron da na sayar. A ɓangaren asara, kashi biyu cikin uku na kuɗin yaro, ƙarin albashinsa, kuɗin asibitin tela wanda bai sake tsaron gida ba, da kuɗin mota zuwa Mubi da Ganye da rukunin sama ya jawo min. Shago na biyu na cika shi daga baya, da kuɗin taya, ba da kuɗin gola ba. In aka haɗa aka cire, na faɗi, kuma faɗuwar ba ƙarama ba ce.

Har yanzu ina riƙe yara a ƙaramin tim sai ƙarshen kaka. Sai dai yanzu in saura wasa huɗu nake hawa da su. Ɗayan na bar wa ruwan sama.